Jan bulon toka da na gina wa Mma ɗaki da shi: abin da na gani bayan damina biyu

Ni mai sayar da waakye ce, wato dafa-dukan shinkafa da wake, a unguwar Aboabo da ke Kumasi, kuma abin da ya kai ni ga sayen jan bulo zafi ne. Mma, mahaifiyata, ta tsufa, ɗakin da muke haya na bulon siminti ne da rufin kwano, babu silin. Daga Fabrairu zuwa Maris bangon yamma yakan wuni yana shan rana, da dare kuma ya sako mata abin da ya sha. Sau da yawa in na tashi ƙarfe uku don ɗora tukunya, sai in same ta a tsakar gida kan tabarma tana fifita da maficinta, sauro na cin ƙafarta. Ba ta taɓa yin ƙorafi ba, abin da ya fi ci mini rai ke nan. Marigayi Baba ya bar mana ɗan fili wajen Asokore Mampong, sai na ƙudurta cewa ko ɗaki ɗaya ne zan tayar mata a can.

Na fara tara kuɗin adashi a 2022, shekarar da sidi, kuɗin Ghana, ya faɗi warwas. Zuwa Disamba hauhawar farashi ta haura kashi 50 cikin 100, duk wanda ya sayi buhun siminti a lokacin ya san yadda kuɗin yake sauyawa tsakanin mako da mako. Ɗan yayata, wanda ya karanta harkar gini a jami'ar KNUST ta Kumasi, shi ya fahimtar da ni dalili. Ya ce masana'antu irin su Ghacem na Tema da Takoradi niƙa suke yi, amma dunƙulen da ake niƙawa a samu siminti daga ƙasashen waje ake shigo da shi da dala. Dala ta tashi, siminti ya bi ta. Ya ce, "Inna, me zai hana ki duba jan bulo? Ƙasarmu ce, wutarmu ce." Ya ba ni labarin cibiyar binciken gini da hanyoyi ta BRRI da ke Fumesua, kan hanyar Accra kafin a kai Ejisu, wadda ta daɗe tana kiran mutane su koma ga gasasshen bulo. Sannan ya ce akwai wani mai gasa bulo da yake haɗa yumɓunsa da tokar ɓuntun shinkafa.

Da jin toka sai na ja baya. A sanina toka abin kwashewa ce a zubar, ko a wanke bayan tukunya da ita. Kawu ne ya karya mini wannan tunani. Yana zaune yana jinmu, sai ya ce kakanmu da ya zo fataucin goro daga Kano yakan ba su labarin laso, wanda magina ke shafe soro da shi don kada ruwa ya ci. Da me ake yinsa? Da katsi, wato abin da ke kwantawa a gindin rijiyar marina, a ƙone shi, a haɗa da gashin jima da ruwan dafara. Ya ce, "'Yar nan, tun kafin a san siminti kakanninki ke gini da toka." Wannan magana ce ta sa na yarda in je in gani da idona.

Wurin yana bayan Abuakwa, ta yankin Mfensi inda aka san su da yumɓun tukwane. Ba zan faɗi sunan mai wurin ba, domin akwai yabo a abin da zan rubuta, akwai kuma kuka. Dattijo ne Batone, wato ɗan ƙabilar Asante, kowa Wofa yake ce masa, wato kawu da Tonanci, yana da ma'aikata kamar goma, biyu daga ciki 'yan arewa ne masu jin Hausa. Fili ne babba, gefe guda ramin da suke haƙo yumɓu, gefe guda doguwar rumfa da ɗanyen bulo ke jere yana shan iska, sai matoya guda biyu a can ƙarshe. Kusa da rumfar akwai tsibin toka. Na sa hannu na murza. Fari-fari ce mai ɗan duhu, ba ta da nauyi ko kaɗan, tana ƙaras-ƙaras a yatsa kamar garin kwalba. Ba irin tokar murhuna ba ce mai laushi.

Wofa bai yi mana rowar bayani ba, wannan na yaba masa. Ya ce yana karɓo ɓuntun daga injinan casar shinkafa, wani lokaci har daga wajen Nobewam, inda masu injin ke neman wanda zai raba su da shi. Ɗan yayata ya ƙara mini da abin da ya karanta. Idan aka cashe buhu biyar na shanshera, nauyin kusan buhu ɗaya ɓuntu ne. Idan aka ƙone ɓuntun, kusan kashi ɗaya cikin biyar ke saura a matsayin toka, kuma fiye da kashi 80 cikin 100 na tokar nan silika ce, sinadarin da ke cikin yashi. Shi ya sa ɓuntun shinkafa ba ya saurin ruɓewa a juji, dabbobi ma ba sa sonsa. Amma a cikin yumɓu yana da aiki. Yumɓu zalla yana da danƙo, in ya bushe sai ya tsuke ya tsage, kamar ƙasan fadama da rani. Toka tana rage danƙon, sai bulon ya bushe ba tare da ya dare ba. Idan kuma ya shiga matoya, wutar ta kai digiri 900 zuwa 1000, ɗan gawayin da ya rage a tokar yakan ci wuta daga ciki, ya bar ƙananan ramuka da ido ba ya gani. Iskar da ke zaune a ramukan nan ita ke hana zafi ratsa bango da sauri. Bulon ya yi sauƙin ɗauka, ɗaki ya yi sanyi.

Sai dai ɗan yayata ya ja kunnena tun a nan. Ramukan da ke kawo sanyi su ne kuma ke shan ruwa, su ne ke rage ƙarfi. Toka kaɗan gyara ce, kamar kashi 5 zuwa 10 cikin 100. In ta wuce haka sai bulon ya fara zama kamar biskit. Na gane maganar nan take, don haka kanwa take a waakye. Kaɗan ta nunar da wake ta fito da jan karan dafi, ta yi yawa kuwa tukunyar ta lalace. Na tambayi Wofa yadda yake aunawa. Ya nuna mini kwanon birkila, ya ce ɗaya na toka, tara na yumɓu. Babu sikeli, babu takarda. A ranar ban ɗauki wannan da muhimmanci ba.

Na sayi guda goma na tafi da su gida don gwaji. Duk mai niyyar sayen jan bulo, a wurin kowa ne, ya yi abin da zan faɗa, ba ya cin ko sisi. Ka ɗauki biyu ka gwara su. Wanda ya gasu yakan yi ƙara ƙal kamar an buga ƙarfe, wanda bai gasu ba sai ka ji dum. Ka saki ɗaya daga daidai ƙugunka a kan ƙasa mai tauri, bai kamata ya rabe ba. Ka karce shi da farce, kada ya bar sawu. Sannan babban gwajin, na ruwa. Na ɗora ɗaya a sikelin da nake auna shinkafa, kilo 2 da giram 600. Na nutsa shi a bokiti kwana ɗaya cur, na tsame, na goge, na sake aunawa, kilo 3. Ya sha giram 400 ke nan, wajen kashi 15 cikin 100 na nauyinsa. Ɗan yayata ya ce muddin bai wuce kashi 20 ba babu damuwa. Na fasa wani da guduma, cikinsa ja ne har tsakiya, launi ɗaya. Hankalina ya kwanta.

A Janairu 2023, cikin hunturu, na biya kuɗin bulo 4,500. Wofa ya ce mako biyar, kuma ya cika alkawari, kwana biyu kawai ya ƙara. Bulo ba abin gaggawa ba ne: a kwaɓa, a buga, ya yi mako biyu ko fiye yana bushewa a inuwa, a jera a matoya, wuta ta yi kwanaki tana ci, sannan a jira ya huce da kansa. Inda na sha wuya shi ne dako. Daga yammacin Kumasi zuwa gabashinta sai an ratsa cunkoson Abuakwa da Sofoline, motar Kia ta yi sawu uku, kuma hanyar filinmu ba ta shiguwa, dole aka sauke a bakin titi aboboya, babur ɗin dako mai ƙafa uku, ta riƙa kwasa. Wajen 200 suka karye a wannan ɗauki-sauke. Da na gaya wa Wofa ya ƙara mini 100 ba tare da musu ba. Gutsattsarin kuma ba su tafi a banza ba, da su muka cike daɓe.

Kashin farkon nan ba ni da abin cewa a kansa sai alheri. Girmansu ɗaya, kusurwoyinsu a tsaye, launinsu ja mai ɗan haske. Masta birkila ne dai ya yi ta gunaguni kwanakin farko, kuma yana da gaskiyarsa. Inda zai ɗora bulon siminti ɗaya, sai ya jera jan bulo shida kafin ya rufe wannan fuskar, mu kuma bangon ɗakin Mma ruɓi biyu muka yi, kaurin inci 9. Aikin da ya saba gamawa a mako ɗaya ya ci masa kusan uku. Ya ce mini, "Hajiya, wannan ba gini ba ne, saƙa ce." Kuɗin aikinsa ya ƙaru, na biya da zuciya ɗaya don na ga yadda yake bin igiya layi bayan layi. Abu ɗaya da ɗan yayata ya nace a kai shi ne a jiƙa bulon kafin a ɗora. Busasshen jan bulo yakan zuƙe ruwan kwaɓin siminti kafin ya kama, sai gaɓar ta zama gari. Mun ajiye durom biyu na ruwa don wannan kawai. Harsashin kuma da kankare da bulon siminti aka yi shi har ya ɗago sama da ƙasa, aka shimfiɗa baƙar leda, sannan jan bulo ya hau. Wanda ya san yadda ruwa ke kwanciya a unguwanninmu in rafin Aboabo ya cika ba zai yi wasa da wannan ba.

Kuɗi ya yanke mini bayan an kai linta, sai a watan Yuni na koma na biya kuɗin bulo 2,500 don ƙarasa sama, da makewayi, da ɗan kicin. A nan ne labarin ya sauya.

Da farko jinkiri. An ce mako biyar, aka yi tara. Wannan na yi masa uzuri, damina ce, ɗanyen bulo ba ya bushewa, itace ma a jiƙe yake. Amma da motar ta sauke na ga launin bai zama ɗaya ba, wasu ja, wasu kamar ƙasa-ƙasa, wasu gefensu ya yi baƙi ya narke kamar an shafa musu kwalta. Na gwara biyu, dum. Ranar ina sauri in koma wurin sana'a, Masta kuma yana jira da lebura, sai na ce a ci gaba. Bangon makewayi ya tashi. Bayan kwana goma, ruwa ya sauka ya ɗauke, rana ta fito, sai ga wani farin abu ya feso a jikin bangon kamar an watsa gari. Na lakata na ɗanɗana a bakin harshe. Ɗanɗanon da na sani ne tun ina yarinya, lokacin da kakata ke dafa sabulun salo: ruwan toka.

Na ɗebi biyar na maimaita gwajin bokiti. Kilo 2 da giram 400 a bushe, kilo 3 a jiƙe. Rubu'in nauyinsa ya sha. Na fasa ɗaya, bayansa ja, tsakiyarsa baƙi ƙirin, alamar wuta ba ta kai ciki ba.

Na hau torotoro, motar haya, na koma wurin Wofa da bulon a jaka. Ɗaya daga cikin yaran nan masu jin Hausa ne ya fara gaya mini gaskiya a gefe. Ɓuntun shinkafa ya yanke musu a lokacin, sai aka kawo tokar ɓawon koko daga ƙauyukan da ke kusa, kuma saboda yumɓun ya jiƙe da yawa yana manne wa abin bugu, masu kwaɓi suka riƙa ƙara toka da ido don ya saki. Toka suna ne guda, amma kowace da halinta. Ta shinkafa yashi ce a zahiri. Ta ɓawon koko kuwa cike take da gishirin toka mai kaifi, shi ya sa ake yin sabulun salo da ita, wanda Tonawa ke kira alata samina. Ɗan yayata ya ce irin wannan gishiri yana sa yumɓu ya narke da wuri a wuta, don haka bulon da ke kusa da bakin wuta ya ƙone ya lanƙwashe alhali na nesa bai nuna ba. Wanda bai narke ya haɗe da yumɓun ba kuma yana nan zaune a ciki, ruwa ya shiga ya jiƙa shi, rana ta jawo shi waje ya bushe fari a fuskar bango. Ya ce ba wai tokar koko ba ta da amfani sam ba, amma tana son awo na daban da wuta ta daban, ba a musanya ta da ta shinkafa kwano da kwano.

Na ce wa Wofa, "Wofa, da ka gaya mini ka sauya toka, da na jira ka har rani. Ɗakin mahaifiyata ne." Ya yi shiru, ya juya bulon a hannunsa, ya kira mai kula da wuta suka yi magana da Tonanci. Bai yi mini gardama ba, bai ce laifin birkilana ba ne. Ya ce in tsince duk wanda bai yi ƙara ba zai musanya. Muka zauna ni da yara biyu muka gwara abin da ya rage ɗaya bayan ɗaya, wuni guda, muka fitar da 900 da 'yan kai. Ya musanya su a watan Agusta da ruwa ya ɗan tsagaita, kuma sababbin sun yi kyau kamar na farko. Amma kuɗin mota ni na sake biya, kuma bangon makewayi da aka riga aka gina bai ɗauki nauyinsa ba. Wannan har yau ina ganin bai kyauta ba. Mun kankare farin da busasshen buroshi sau uku, yana dawowa, daga baya dole na yi masa filasta ciki da waje, abin da tun farko na zaɓi jan bulo don in guje masa.

Game da kuɗi, kada kowa ya shiga wannan da tunanin araha. Da muka zauna da ɗan yayata muka tattara lissafi, bulo da dako da aikin birkila da simintin gaɓa, ɗakin Mma ya ɗan fi abin da bulon siminti zai ci. Inda na samu sauƙi shi ne waje: babu filasta, babu fenti, kuma ba zan sake fenti duk bayan shekara biyu ba. Da wannan sai suka zo kusan kunnen doki.

To, sanyin fa, wanda dominsa aka yi duk wannan? Mma ta tare a Nuwamba 2023. Na sa silin, na sa taga biyu masu fuskantar juna, na sa kafinta ya fito da bakin kwano sosai don ruwa kada ya riƙa dukan bango, saboda haka ba zan ce bulo kaɗai ya yi aikin ba. Amma na yi abu ɗaya a watan Maris da ya biyo baya. Bayan sallar isha'i na dafa tafina a bangon yamma daga ciki, sannan na fita na dafa katangar maƙwabcinmu ta bulon siminti. Tasa da ɗumi kamar gefen murhu, namu kuwa kamar jikin randa. Azumin shekarar a tsakiyar zafin ya faɗo, kuma Mma ta yi shi tana barcin rana a cikin ɗakinta, ƙofa a rufe. Damina biyu sun wuce a kan bangon kashin farko, babu tsaga, babu fari, babu gansakuka sai ɗan kaɗan a layin ƙasa ta bayan gida inda ruwan indararo ke fantsama. Ƙusa ma tana shiga ta kama, mun rataye agogo da labule ba tare da bulon ya fashe ba.

Ragowar guda sittin na kai Aboabo na gina murhun sana'ata da su, da laka maimakon siminti. Yana riƙe zafi, itacen da nake ci ya ragu, har maƙwabciyata mai koko da ƙosai ta ce in sayo mata.

Akwai abin da ya tsaya mini a rai wanda ba na bulon kansa ba ne. Ramin da suke haƙar yumɓu yana cika da ruwa da damina, babu shinge, kuma na ga yaran ƙauyen suna wasa a bakinsa. Na yi wa Wofa magana sau biyu. Haka kuma masu kwasar tokar shinkafa ba sa rufe hanci, alhali ƙurar silika tana illa ga huhu in an daɗe ana shaƙa. Zuwana na ƙarshe na kai musu takunkumi fakiti ɗaya, na ga biyu sun sa.

In za ka saya a wurinsa, ko wurin wani mai irin aikinsa, ka yi odarka tsakanin Disamba da Fabrairu, ka sayi duk abin da kake bukata a wuta ɗaya in da hali. Ka tambaya ƙarara tokar mece ce, ka je ka murza ta da hannunka ranar da za a kwaɓa naka. Kada ka biya cikon kuɗi sai ka gwara, ka jiƙa, ka fasa daga cikin kayan da za a loda maka, ba daga samfurin da aka ajiye a rumfa ba. Mai ginin bene kuwa ya ɗauki samfur ya kai Fumesua a matsa shi da inji a ga ƙarfinsa, sikelin shinkafa bai isa wannan ba.

Ni dai na riga na gaya wa Wofa ina son bulo 3,000 a Janairu mai zuwa don ɗaki na biyu. Na ce tokar shinkafa zalla, kuma ɗan yayata zai zo ranar kwaɓi da sikeli. Ya ce ya ji, har ya tambaya nawa ake sayar da irin sikelin a kasuwar Kejetia.